Soron Luba da Alkamar Halliru

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina masu karatu a waya. Yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Ciwon da zan ba ku labarinsa sunansa son a gani, kuma ni Luba, 'yar Malam Lado ta Gubuchi, ni ce mai ciwon. Kada wata ta rubuto min tana cewa, "Allah sarki Iya, ai ƙuruciya ce." Ƙuruciya ba hauka ba ce. Na san dama na san hagu a lokacin, na kuma zaɓi hagu ido biyu.

A lokacin shekara biyu ke nan da sauke tutar Turawa. Mai nemana shi ne Halliru, ɗan Nasarawan Doya, dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Taguwarsa ta fita guda ɗaya ce, fara, amma kullum a wanke take, da hularsa haɓar kada. Ba ya da yawan magana. In ya zo zance bayan la'asar, sai ya tsaya jikin darnin gidanmu yana karya tsinke, ni ce mai zuba kamar kanya. Ina son shi. Wannan kam ba na ɓoyewa, ko yanzu da haƙorana suka zube.

Babana kuwa yana da wata doka. Yayata Mairama ta taɓa auren wani mai daɗin baki da babbar riga, shekara ba ta zagayo ba ta dawo gida wuyanta kamar na zalɓe. Tun daga ranar Baba ya ce ba ya sake ba da 'ya sai ya ga aikin hannun mai nema. To yana da wani yanki a fadama, bakin ƙorama, inda yake noman alkama da rani. Da aka gama yankan dawa, sanyi ya fara shigowa, sai ya kira Halliru zaure, ya ajiye masa irin alkama mudu goma da ya samo daga Kudan.

Ya ce, "Ɗan nan, ga ƙasa, ga iri, ga jigo a kafe. Wurin nan buhu uku ya saba ba ni. Ka kawo min ko rabin haka, ranar da aka auna ranar za a sa rana."

Halliru ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ga waɗanda ba su san jigo ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan. Da ita ake ɗebo ruwa daga ƙorama, guga bayan guga, har a shayar da kowane fangali. Aikin maza ne, ba wasa ba.

Da an bar maganar a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma a makon nan ne muka je Ikara kai ƙawata Indo ɗakin miji. Wayyo, ɗakin Indo! Soro ne mai kusurwa huɗu, rufin azara, an yi masa daɓe yana sheƙi, jeren tasoshi ya tashi daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi. Mata sai shiga suke suna fita suna guɗa. Ni kuwa ina tsaye da zanen saƙina da murjanina, zuciyata ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A hanyar dawowa Gwaggo Azumi, ƙanwar Babana, mai sayar da daddawa a kasuwar Makarfi, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke kuma wane ɗaki za a kai ki?"

Na ce, "Oho."

"Oho? 'Yar Lado guda a ɗakin ciyawa, Indo mai ƙafa kamar muciya a soro? Tun ran gini ran zane, 'yar nan. In ba ki tambaya yanzu ba, kin tambaya ke nan."

Gwaggo ta hura, amma garwashin nawa ne. Ku riƙe wannan.

Kashegari Halliru ya zo, fuskarsa a sake, yana gaya min ya fara gyaran fangali, jibi zai watsa iri. Na sha kwalli, na ɗaura sabon fatala, na tsaya ina kallon farcena mai lalle.

"Na Doya, wane ɗaki za a kai ni?"

"Wanda ke kusa da na Inna. Zan sake masa baibaya da sabuwar ciyawa."

"Ciyawa? Ni akuya ce?"

Ya yi dariya. "Akuya ai ci take yi. Ke kwana za ki yi a ƙarƙashi."

"Soro nake so, mai azara, irin na Indo."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Luba, bari in watsa irin nan tukuna. Alkama 'yar sanyi ce. Dole ta yi fure ta ɗauki ƙwaya kafin bazara ta buɗe ido. In zafi ya riske ta tana fure, ganye za ki gani, ba tsaba ba."

Na ce, "In ka shuka, safe da yamma kana bakin jigo. Yaushe za ka yi tubali? Kafin ka girbe ruwa ya kusa sauka, wa ke gini da damina?"

"To baɗi in gina miki."

"Baɗi? Sau nawa ake kai amarya? Ranar kai amarya ake ganin ɗaki, ba ranar suna ba."

"Taura biyu ba ta taunuwa, Luba."

"To ka tauna tawa tukuna. Shuka dai ruwa take so, ƙorama kuwa ba ta ce za ta yi tafiya ba."

Kun ji maganar wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba sai a gayaunar kuɓewa. Sai ya jefar da tsinken hannunsa ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau tana kunnena.

Ku kuna da waya. Mu wayarmu Gwaggo Azumi ce. Ba ta neman caji, amma in ka aika kalma uku sai ta isa da bakwai. Duk ranar kasuwar Makarfi suna haɗuwa da Halliru, ta dawo min da saƙo a bakinta da warin daddawa a zanenta.

Mako na biyu: "Ya ce tubali sun bushe, ko ya bar ginin a haka ya je ya watsa iri ya dawo?"

"Ki ce masa Indo ba rabin ɗaki ta shiga ba."

Mako na huɗu: "Ya ce bango ya kai kafaɗa. Ya ce alkamar maƙwabta ta kai tsawon tafin hannu, tasa tana cikin ƙwarya."

"Ki ce masa ba da maƙwabta zai zauna ba."

Mako na biyar: "Ya ce ya samu giginya ya tsaga azara. Ya ce a gaya miki kwanaki suna tafiya."

"Ki ce masa su gai da gida."

Allah ya yafe min bakin nan.

Wata safiya ina shara a tsakar gida, Baba yana zaune kan buzunsa da carbi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, mutumin naki ya manta hanyar fadama ne?"

"Ban sani ba, Baba."

"Na ji an ce gini yake yi."

"Haka na ji ni ma."

Ya dube ni, ya ja carbi ɗaya. "Na ba shi ƙasa, na ba shi iri. Hankali ne ba ni da na bayarwa. Garin neman gira dai ake rasa ido."

Na ci gaba da shara kamar ba da ni ake ba.

Kwana arba'in cif ginin ya ci. Saura kwana ashirin a kama azumi Halliru ya watsa iri. Daga nan ya koma kamar wanda aka ɗaure a jikin jigo. Da azumi a bakinsa yake tahowa daga Nasarawan Doya tun da sassafe, ya ja guga har hantsi, ya huta ƙarƙashin wata tsamiya, ya koma da la'asar. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Alkamar kuwa ta tashi shar, kore kamar a tauna.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah na ja ƙawayena muka je fadama, wai yawon Sallah, alhali so nake a gani. Atamfa na ɗaura mai zanen ganye, da mayafi ruwan goro, da awarwaro har gwiwar hannu. Fangalin maƙwabta duk sun fara ja, zangarniyoyi sun sunkuyar da kai. Na Halliru ne kaɗai kore, dogo, yana rausaya.

Na ce, "Ku duba! Ina masu cewa an makara? Wa ya kai shi kyau a fadamar nan?"

Ban san Baba yana bayanmu ba, ya zo duba rakensa. Ya tsaya ya dafa sanda.

"Ta maƙwabta ta haihu har ta yaye. Wannan yanzu take budurci." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ku roƙi Allah ya riƙe ranar nan kwana goma sha biyar."

Ɗaya daga ƙawayena ta ce, "Baba, ai tana shan ruwa."

"Yarinya, alkama ciki take ɗauka kamar mace. Kwanakin furenta ba su fi bakwai zuwa goma ba. Akwai wani ɗan gari rawaya da furen ke zubarwa, shi ke zama ƙwaya. Zafi ya dake shi, ya mutu. In ya mutu kuwa, ko kogi aka juyo mata ba ta haihuwa."

Na murguɗa baki a bayan mayafi. Abin da babba ya hango a zaune, ni na hau rimi na ce ban ga komai ba.

Ranar ba ta jira ba. Kwana tara bayan Sallah aka wayi gari babu ɗigon sanyi. Ruwan randa ya yi ɗumi. Man shanun Innarmu ya narke a cikin ƙwarya tun kafin hantsi. Kaji suka kwanta gindin rumbu baki buɗe. Iskar da ke kaɗawa da azahar kamar daga bakin murhu take fitowa. A daidai makon nan alkamar Halliru ta fitar da kai, ta rataya ƙananan furanninta.

Gwaggo ta kawo saƙo: "Ya ce ki yi masa addu'a." Wannan karon ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Rana ta huɗu na dama fura na roƙi Gwaggo ta raka ni. Muka tarar da shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya naɗe tafin hannunsa da tsumma saboda kantar hannun ta fashe. Kowane fangali cike yake da ruwa, har yana tumbatsa. Amma da na sunkuya na duba, furannin sun ƙanƙance sun yi fari, ina taɓawa suna zuba kamar toka. Bakin zangarniyoyin ya fara bushewa tun daga sama.

Maimakon in yi shiru sai na ce, "Ka ƙara mata ruwa mana!"

Ya saki igiyar guga. Ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba sai ranar.

"Ina zan zuba shi? Ruwa yana ƙafarta, wutar tana kanta! Ko faifai zan ɗauko in bi su ɗaya-ɗaya ina fifita?"

"Ni kake yi wa tsawa?"

"Luba, na gaya miki. A jikin darnin gidanku na gaya miki."

"To da ka ƙi mana! Kai ba namiji ba ne?"

Jama'a, kun ji? Mutum ya bi son raina, na kuma zage shi da bin. Gwaggo ta ja mayafina ta ce, "Ke, mu tafi." Furar ma a nan na bar ta, ban san ko ya sha ba. In rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta, balle bakin mace mai tsiwa.

Kwana goma sha ɗaya zafin ya yi bai sassauta ba. Da lokacin girbi ya zo, kowa ya bi ta fadama sai ya tsaya ya girgiza kai. Karan ya yi tsawo, zangarniyoyin suna tsaye ƙyam, ko ɗaya ba ta sunkuya ba. Ai wadda ba komai a cikinta ita ke miƙe wuya. Da na ji wata tsohuwa ta faɗi haka a bakin rijiya, sai na ji kamar da ni take.

Ranar awo aka shimfiɗa tabarma a zaurenmu bayan sallar la'asar. Baba yana kan buzunsa. Kawun Halliru, Malam Sama'ila, ya zo a madadin iyayensa. Ni da Gwaggo muna tsaye bayan darni, inda ake jin komai. Halliru ya shigo da buhu a kafaɗa, da ganin yadda ya riƙe shi da hannu ɗaya ka san labari ya ƙare.

Ya juye. Aka auna. Mudu bakwai, shi ma na bakwan bai yi tozo ba.

Baba ya ɗebi kaɗan ya murza a tafin hannu ya hura. Rabi ya tashi. Abin da ya rage ƙwayoyi ne a yamushe, sirara kamar kashin ɓera.

"Mudu goma na ba ka."

"Haka ne, Baba."

"Ƙasar ce ta ci amanarka?"

"A'a, Baba."

"Ruwa ne ya ƙafe?"

"A'a."

"Na ga hannunka, ba rago ba ne kai. Kwana arba'in ka bar iri a ƙwarya kana kwaɓa ƙasa. Tambaya ɗaya zan yi maka, ɗan nan. Wa ya sa ka gini a lokacin shuka?"

Ta tsakanin karan darni na ga Halliru ya ɗan juyo da kai wajen da nake. Ya san ina nan, don nan ne wurin tsayuwata kullum. Gwaggo ta damƙe hannuna ta raɗa min, "Rufe bakinki, kada ki ja mana." Amma kada ku ɗora mata. Hannuna ta riƙe, ba harshena ba. Taku uku ne tsakanina da ƙofar zaure. Abin da na tuna a lokacin shi ne, in na fito, gobe duk Gubuchi za a ce Luba ce ta kashe alkama saboda soro, har labari ya kai kunnen Indo a Ikara.

Baba ya sake tambaya, a hankali. "Wa ya sa ka?"

Halliru ya ce, "Ra'ayina ne, Baba."

Baba ya juya wajen Malam Sama'ila.

"Malam, magana zarar bunu ce. Na faɗa a nan, a nan kuma ta tsaya. Ku yi haƙuri."

Malam Sama'ila ya ce, "Ba komai, Malam Lado. Haka Allah ya so." Suka yi sallama. Halliru ya naɗe buhunsa ya bi bayan kawunsa, bai waiwayo ba.

Kwana shida ina kwance a ɗakin Inna ina cewa zazzaɓi ne. Ina ta saƙa yadda zan aika masa ya dawo ya roƙi Baba a ba shi gonar damina. Ko a nan ɗin, ku lura, shi nake so ya yi roƙon. Ranar kasuwa Gwaggo ta dawo ta ajiye ƙwaryar daddawa, ta ƙi kallona.

"Ya hau motar Kaduna da safe. An ce ana ɗaukar ma'aikata a masaƙa."

"Bai bar saƙo ba?"

"Ya ce a gaya miki an gama daɓe."

Na fita da gudu ko mayafi babu, na faɗi gaban Baba a zaure ina kuka. Na ce, "Baba, ni ce! Ni na sa shi ginin! Ya gaya min za a makara, na ƙi ji!"

Ko gezau bai yi ba.

"Na sani, Uwata."

Na ɗago kai na dube shi.

"Akwai abin da Azumi za ta ɗauka a baki ya kwana bai zaga kasuwar Makarfi ba? Tun tubali na ɗanye na sani. Kina tsammanin don shi na yi tambayar nan sau biyu? Na ga ƙafarki ta ƙarƙashin darni. Da kin tako kin ce ni ce, da na ba shi gonar gero da damina, na ce ya sake gwadawa. Yaron da ya rasa amfanin gona ya kuma rufa miki asiri a gaban kawunsa, ya gama cin jarrabawata. Ke ce ban ga aikin hannunki ba."

"Baba, a aika a kira shi."

"In kira shi in ba shi wa? Wadda za ta tsaya tana kallo ya ɗauki kayanta a ka? Ina tsoron Allah a kan ɗan mutane." Ya nuna ƙwaryar da ke gefensa. "Ɗauki alkamarki. Taki ce, ke kika noma."

Na ɗauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

To ga lissafin, ku riƙe, don ni na daɗe da haddace shi. Buhu uku da ƙasar ta saba bayarwa, babu. Irin Kudan mudu goma da Baba ya adana, ya koma bakwai, da aka shiƙe aka niƙa bai cika ƙwarya ɗaya ba, funkason da aka yi da shi ma ya ƙi tashi. Wata uku na jan guga, ɗaya a ciki da azumi, sun bi iska. Yardar ubana, wanda bai sake aikena da wata magana mai nauyi ba har ya koma ga Allah. Soro ɗaya mai azarar giginya a Nasarawan Doya, wanda ban taɓa sa ƙafata a ciki ba, ƙanen Halliru ya mai da shi wurin ajiyar albasa. Da namiji ɗaya, mai taguwa ɗaya, wanda aka tambaya sau biyu bai faɗi sunana ba.